Shirin Jack Worrall: inda aka kwana

13 ga Afrilu, 2024

Bismillah. Sallah ta wuce, yau dai na fara aikin nan da nake ta ɗagawa tun kafin azumi. Abin da nake so in yi shi ne shirin sauti kashi shida da Hausa, kowane kashi kamar minti goma sha biyar, a kan rayuwar wani ɗan wasa na zamanin da a ƙwallon nan ta Ostireliya mai dokokinta daban, sunansa Jack Worrall. Shekarata uku kenan a Melbon, kuma duk wanda ya zauna garin nan ya san daga watan Maris zuwa Satumba ba a wata hira sai ta ƙwallonsu, a tiram, a wurin aiki, har a layin sayen biredi. Ni ma tun ina kallonta kamar rikici har ta shiga raina.

Wani dattijo da muke aiki tare, ɗan gani-kashe-nin kulob ɗin Carlton ne tun yana yaro, shi ya fara ambata min sunan. Muna hirar koci-koci ne sai ya ce ai kafin Worrall babu ma wannan aikin a gasarsu. Abin ya tsaya min a rai, don mu mun saba in kulob ya ci a yabi koci, in an ci shi a zagi koci, har mutum zai zata tun ran gini haka aka tarar. Ashe akwai wanda ya fara. Shi nake so in bi daga farko zuwa ƙarshe.

Abin da na tara ya zuwa yau: an haife shi a farkon shekarun 1860 a yankin haƙar zinare kusa da Maryborough a jihar Biktoriya, ya buga wa kulob ɗin Fitzroy daga 1884, ya riƙe Carlton daga 1902 zuwa 1909, ya koma Essendon 1911, kofi biyar gaba ɗaya a matsayin koci, ya rasu 17 ga Nuwamba 1937. Ƙashi ne kawai wannan, naman yana cikin tsofaffin jaridu, kuma Allah Ya taimake ni akwai Trove, rumbun da babban laburaren ƙasar ya zuba jaridun da a ciki kyauta a intanet.

27 ga Afrilu

Sati biyu ina kokawa da kalmomi. Kashi na ɗaya dole ya zama bayanin wasan kansa, in ba haka ba wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka irin tamu ce ko kuma ta Amurka, alhali ba ko ɗaya.

Fili ƙato ne mai siffar ƙwai, asalinsa filin kurket ne. Mutum 18 kowane ɓangare. Turaku huɗu a kowane gefe ba raga ba gola, in ka buga da ƙafa ta wuce tsakanin dogayen biyu na tsakiya maki 6, in ta bi ta gefe ko wani ya taɓa ta maki 1. Babu satar gida sam. Za ka iya gudu da ita a hannu amma sai ka buga ta da ƙasa duk mita 15, kuma ba a jefa wa ɗan'uwa, sai dai ka ɗora ta a tafin hannu ɗaya ka nausa da ɗayan. Sai babban abin, in aka bugo ta daga nesa ka cafe kafin ta taɓa ƙasa, wasa ya tsaya maka, ba mai taɓa ka sai ka buga.

Na yanke zan ce "cafka" ga wannan, "naushi" ga miƙa ƙwallo da hannu, maki ɗayan nan kuma "gefe". Na tura wa ƙanena gwajin minti uku ta WhatsApp don in ji ko zai gane ba tare da ya ga hoto ba, ya ce Yaya cafka da naushi sun zauna, amma gefe sai da ya maimaita sau biyu. Zan bar ta a haka amma in ƙara jimla ɗaya ta bayani.

Tarihin farkon a gurguje zan wuce shi: Tom Wills ya rubuta wasiƙa a jarida 1858 yana cewa ƴan kurket su nemi wasan da zai riƙe musu jiki lokacin sanyi, a watan Mayun 1859 aka rubuta dokokin farko na kulob ɗin Melbon, 1877 aka kafa VFA, ƙungiyar ƙwallon Biktoriya, sai 1897 manyan kulob takwas suka ɓalle suka fara gasar VFL wadda ita ce AFL ta yau. Minti biyu ya ishe shi.

18 ga Mayu

Yau na hau tiram mai lamba 11 na je filin Brunswick Street, gidan Fitzroy na da, cikin lambun Edinburgh. Sanyi ya fara shigowa sosai. Tsohuwar rumfar ƴan kallo ta 1888 tana nan tsaye, wato an gina ta Worrall yana tsakiyar wasansa a filin, na hau na zauna a kan bencin katako na fi rabin awa ina kallon yara suna atisaye. Wallahi akwai bambanci tsakanin karanta abu da zama a wurin da ya faru. Filin ba wani girman kirki gare shi ba in ka kwatanta da MCG, babban filin wasa na Melbon, gidaje sun zagaye shi, kana jin ƙarar tiram, nan take ka gane kulob ɗin na ƴan unguwa ne, mutum ya tashi daga aiki ran Asabar da rana ya tako da ƙafa.

An kafa Fitzroy 1883, ta shiga VFA 1884, wato tare suka fara da Worrall. Shi mai yawo ne a fili, irin ɗan wasan da ba shi da wurin tsayuwa, yana bin ƙwallo duk inda ta je yana tsintar wadda dogaye suka bugo ƙasa. Ba dogo ba ne, kakkaura ne mai ƙarfi, kuma yana bugu da kowace ƙafa, abin da ba kowa ke yi ba a lokacin. Ya yi kyaftin shekaru da dama har zuwa 1892.

Abin da na ga dole in jaddada a kashi na biyu shi ne wasan da ya buga ba shi ne na yanzu ba. Mutum 20 ne kowane ɓangare, sai 1899 aka rage zuwa 18. Gefe ba ya shiga lissafin nasara, gol kawai ake ƙirgawa, sai 1897 aka kawo tsarin maki 6 da 1. In mutum zai buga daga nesa yakan tara ƴar ƙasa ya dasa ƙwallon a kai ya ja da baya ya sheƙo. Kuma kyaftin shi ne komai a cikin fili, kwamiti ya zaɓi ƴan wasa, atisaye kuwa wanda ya ga dama ya zo. A irin wannan gidan Worrall ya tashi, kuma ina ganin shekarun da ya yi yana kyaftin ne suka nuna masa inda ɓarakar take.

Abu ɗaya na cire daga rubutun. A wurare da yawa za ka ga an ce ya ci kyautar gwarzon ɗan wasan Biktoriya a 1887 da 1890. Masu bincike sun gano jerin sunayen nan wani marubuci ne ya haɗa shi shekaru da yawa daga baya, babu kyautar a jaridun lokacin. Da daɗin faɗa amma ba za ta shiga ba, mutumin ba ya buƙatar aron riga.

1 ga Yuni

Naɗin da na yi a filin duk iska ta ɓata shi, muryata ba ta fita sai huuu. Na sayi ɗan soson makirfo, sai na sake komawa. Kashi na ɗaya dai ya kammala, minti 16.

22 ga Yuni

Barkanmu da babbar Sallah. Satin nan kurket na yi ta karantawa, don ba yadda za a yi a ba da labarin Worrall a tsallake ta. Da rani kurket, da sanyi ƙwallo, haka ya yi rayuwarsa, kuma a kurket har ƙasa ya wakilta, manyan wasanni 11 tsakanin 1885 da 1899, duka da Ingila.

Shigarsa ma labari ce. A Janairun 1885 ƴan wasan Ostireliya suka ce sai an ba su rabin kuɗin ƙofa, masu shiryawa suka ƙi, aka sauya dukkan sha ɗayan aka kawo sababbi, Worrall na cikinsu. Ya je Ingila 1888 bai taɓuka abin kirki ba, aka manta da shi shekaru. Sai 1896 ya yi wa kulob ɗin kurket na Carlton gudu 417, wato makin kurket, ba a fitar da shi ba a wasa da jami'ar Melbon, 1899 kuma aka sake tafiya da shi Ingila yana dab da shekara arba'in, ya ci 76 a Leeds a fili mai wuyar wasa bayan ruwan sama. Mutumin da aka yar ya sake komawa Ingila bayan shekara goma sha ɗaya, wannan kaɗai ya ishe ka sanin taurin zuciyarsa.

Amma abin da ya fi ja min hankali shi ne yadda ya fita. A 1902 ya zargi wasu masu jefa wa mai sanda ƙwallo na ƙasarsa da cewa jifansu ya saɓa doka, suna miƙe gwiwar hannu, maganar ta isa Ingila ana dab da tafiyar tawagar Ostireliya can, aka ɗauke ta a matsayin tonon silili, daga nan bai ƙara buga wa Biktoriya ba. Na rubuta a gefen takarda da jan biro: ka tuna wannan in ka zo 1909. Mutum ne da in ya ga abu ba daidai ba sai ya faɗa ko da gidansu zai ƙone, kuma bai iya lallashi ba.

20 ga Yuli

Kashi na huɗu, Carlton, shi ne zuciyar aikin. Na je Princes Park da tiram 19, dattijon nan ya raka ni duk da gwiwarsa na damunsa, na ce Baba da ka zauna, ya ce a'a. Ya nuna min inda mahaifinsa yake tsayar da shi yana ƙarami.

Shekaru biyar na farkon VFL Carlton kullum tana can ƙasan tebur, St Kilda ce kawai ke hana ta zama ta ƙarshe. A 1902 aka naɗa Worrall sakatare, ba koci ba fa, sakatare, amma ya karɓa da sharaɗin ragamar ƴan wasa ta dawo hannunsa. Shi ke neman yara a ƙauyuka da ƙananan kulob, shi ke jan atisaye, shi ke faɗin wa zai tsaya ina, kuma wanda bai zo atisaye ba ko ya sa shaye-shaye a gaba to ya nemi wani gidan. Ya kori da yawa. Ya ɗauko Mick Grace wanda ya ci kofi da Fitzroy, ya tara ƙarti masu tsawo da iya cafka, salonsa kuwa ba ado, a buga doguwa kai tsaye a cafe a sake bugawa.

Sakamako bai daɗe ba. 1903 suka shiga zagayen ƙarshe, 1904 suka kai fainal Fitzroy ta doke su, tsohon kulob ɗinsa kenan. Sai 1906 suka rama, 94 da 45 a kan Fitzroy ɗin, kofin farko tun 1887, shekarar da Grace ya zama na farko da ya ci gol 50 a kaka ɗaya a VFL. 1907 suka doke South Melbourne 50 da 45. 1908 wasa ɗaya tal aka ci su duk kakar, suka gama da Essendon 35 da 26. Uku a jere, ba a taɓa yi ba a VFL.

Ina karanta rahotannin ina tunanin yadda sauran kulob suka ji. Kowa yana da ƴan wasa masu kyau, Fitzroy da Collingwood ma sun fi su suna a lokacin, to me Carlton ke da shi da babu a wajensu? Mutum ɗaya da aikinsa kenan dare da rana ya yi tunanin ƙungiya. Cikin ƴan shekaru kusan kowa ya nemi nasa.

Naɗin wannan kashin ya kai minti 22, na rasa me zan yanke. Zan bar shi haka.

10 ga Agusta

Sati uku ban naɗi komai ba, kuma ba don aiki ya yi yawa ba. 1909 ce ta tsayar da ni.

A tsakiyar kakar, bayan kofi uku a jere, ƴan wasansa suka yi masa bore. Sun gaji da tsananin atisaye da tsawa, ga kuma gunaguni a kan kuɗi, don a lokacin doka ta ce wasa na sha'awa ne ba a biya, alhali kowa ya san ana miƙawa ta ƙarƙashin tabarma, kulob na tara kuɗin ƙofa, yaran kuwa ma'aikata ne masu tashi da asuba. Worrall ya ajiye aikin koci, kyaftin Fred Elliott ya karɓa. Suka kai fainal duk da haka, South Melbourne ta ci su 38 da 36. Maki biyu. Kafin kaka ta gaba aka raba shi da kujerar sakatare ma, wasu daga cikin manyan ƴan wasan da ke bayansa irin su George Johnson da Charlie Hammond suka yi fushi suka koma North Melbourne a VFA, can suka ci kofin 1910.

Rubutuna na farko na yi shi ne kamar labarin butulci, mutum ya ɗauko ku daga ƙasa ya kai ku sama kun juya masa baya. Na karanta wa dattijon, ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko na taɓa aiki ƙarƙashin wanda ya iya aiki amma bai iya magana ba. Na taɓa, a wani kamfani kafin in zo nan, kuma na tuna yadda nake ji ran Lahadi da daddare. Mun fi kowa sakamako a lokacin, amma mutum huɗu suka tafi cikin shekara ɗaya.

Sai na sake rubutawa. Yanzu abin da nake faɗa a kashin shi ne, tsaurin da ya ci kofunan shi ne dai ya kore shi, ba halaye biyu ba ne, ɗaya ne. Da yaran suna ƙasan tebur sun haƙura da tsawa don suna ganin inda za ta kai su. Da suka zama zakaru sau uku suna so a yi musu magana kamar manya a kuma duba aljihunsu, shi kuwa bai sauya ko taku ɗaya ba. Ban ce yaran sun kyauta ba, don ni a ganina da sun bari kakar ta ƙare da kofi na huɗu ya zo, maki biyu ai ba tazara ba ce. Amma ba zan zage su a shirin ba. Shi ma yana da nasa kason, irin na 1902 ne sak, gaskiya a baki ba zuma.

Abin da ya biyo baya a Carlton ya ƙara min nauyi a zuciya. A 1910 aka kama badaƙalar cin hanci dab da wasannin ƙarshe, aka dakatar da ƴan wasanta Alex Lang da Doug Fraser wasa 99 kowanne, Collingwood ta ci su a fainal. 1911 VFL ta halasta biyan ƴan wasa a fili. Wato matsalar kuɗin nan ta fi ƙarfin mutum ɗaya, ta kowa ce, a kansa dai ta fara fashewa.

31 ga Agusta

Kashi na biyar ya shiga, Alhamdulillah. Na fara tattara na shida.

Shekarar 1910 ya yi ta yana horar da alƙalan wasa na VFL. 1911 Essendon ta ɗauke shi, shekarar farko kofi, sun ci Collingwood 41 da 35, 1912 suka ƙara a kan South Melbourne 47 da 33. Wannan ne ya rufe bakin masu cewa sa'ar ƴan wasa ya yi a Carlton. Kulob daban, yara daban, sakamako iri ɗaya, kofi biyar cikin kaka bakwai.

Daga nan kuma sai gangara. Yaƙin duniya na farko ya zo, Essendon ta janye daga gasar 1916 da 1917, a 1916 ma kulob huɗu ne kacal suka buga har Fitzroy ta zo ta ƙarshe a tebur kuma ta ɗauki kofi a kaka ɗaya. Da Essendon ta dawo 1918 ita ce ta ƙarshe, Worrall ya jure zuwa 1920 ya sauka. Na nemi filinsu na lokacin, na East Melbourne, babu shi, bayan kakar 1921 aka rufe shi aka rushe aka shimfiɗa layukan jirgin ƙasa na Jolimont. Na tsaya a wurin na naɗi ƙarar jirage, da ita zan buɗe kashin.

Sauran rayuwarsa aikin jarida ya yi, yana rubuta ƙwallo da kurket a The Australasian da haruffa biyu J.W. Na sauke rubuce-rubucensa fiye da talatin, ina bin su ɗaya ɗaya da ƙamus don turancin da ne.

29 ga Satumba

Jiya aka yi fainal, Brisbane Lions ta lallasa Sydney Swans 120 da 60. Na kalla a gidan dattijon, shi ba ruwansa tunda ba Carlton, ni kuwa tsigar jikina sai tashi take. Swans ɗin nan su ne South Melbourne da suka koma Sidni 1982, Lions kuwa rabinsu Fitzroy ce, tun haɗewar 1996 bayan talauci ya durƙusar da ita. Wato kulob ɗin da Worrall ya yi wa kyaftin da kulob ɗin da ya yi ta karo da shi a fainal, su ne a MCG a gabana. Da aka kira kocin Lions, Chris Fagan, aka rataya masa lambar Jock McHale, lambar da ake ba kocin da ya ci kofi, sai na ce a raina McHale ya cancanta, shekara 38 a Collingwood da kofi takwas ba wasa ba ne, amma sai 1912 ya fara, shekara goma bayan Worrall ya buɗe ƙofar. An dai sa Worrall a zauren gwarzayen wasan tun 1996. Wannan ƴar maganar za ta shiga kashi na shida.

Inda aka kwana: ɗaya, uku, huɗu da biyar sun gama. Na biyu yana jiran in koma Brunswick Street da soson makirfo, Asabar mai zuwa in Allah Ya kai mu tunda sanyi ya ja baya. Na shida rubutun ya kai rabi, saura in gama karanta rubuce-rubucen J.W., na kai na sha tara, ina neman wurin da shi da bakinsa ya bayyana abin da yake nema a jikin ɗan wasa. Ƙanena kuma ya ce in rage gudu a kashi na uku, wai ina zuba sunayen kurket kamar kowa ya san su, to minti huɗun farko zan sake naɗa su.